Ta-Ƙasa da Sakamakon da Ya Fito da Sunan Wani

A asibitin nan da wuya ka sami wanda ya san sunanta na ainihi. Ta-Ƙasa kowa ke ce mata, saboda ofishinta yana ƙarƙashin matattakalar bene, wani ɗan ɗaki da a da ake jibge bokitai da tsintsiya. Tebur ɗaya ne a ciki, da kujera, da babbar kwamfutar da duk sauran kwamfutocin asibitin suka rataya a wuyanta. Taga babu. Rufin ya karkace yadda matattakalar ta karkace, shi ya sa idan za ta miƙe sai ta sunkuyar da kai gefen hagu, har ya zame mata jiki, ko a gida haka take tashi daga kujera.

Shekara ashirin da biyu ke nan da aka ɗauke ta aikin buga takardu a tafireta, lokacin asibitin ɗaki huɗu ne kacal. Da aka sayo kwamfuta ta farko, injiniyan da ya zo haɗawa ya manta da wani littafi mai kauri na koyon rubuta manhaja. Ya ce zai dawo ya ɗauka, har yau bai dawo ba. Ta riƙa buɗe shi lokacin hutun rana, tana cin burodi da hannu ɗaya, tana bin layi da yatsan ɗaya hannun. Cikin shekara biyu ta rubuta 'yar manhajar da ke ajiye sunan maras lafiya da lambar katinsa. Likita, mai asibitin, ya tsaya a bayanta yana kallo, ya ce, "Ashe muna da injiniya a gida muke ta neman na waje!"

Wannan yabon ne ya ɗaure ta. Daga ranar kowa ya zo da tasa buƙatar. Ɗakin gwaji suna son a riƙa buga musu sakamako, ɗakin magani suna son takardar da ake liƙawa a jikin kwalba, masu jinya suna son jerin gadaje. Ita kuma ba ta iya cewa a'a ba. Manhaja ta yi ta tsawo kamar gidan da ake ƙara wa ɗaki duk shekara ba tare da zane ba, har ta kai layi dubu goma sha tara, kuma duk duniya babu mai sanin ƙofofinta sai ita.

Sau biyu Likita yana kawo masana daga waje. Dukansu sun duba, sun dafe kai, sun ce sai dai a rushe a sake sabuwa. Shi kuma ya ce abin da ke aiki ba a taɓa shi. Sau ɗaya ita ma ta gwada neman aiki a wani kamfani. Aka tambaye ta takardar shaidar karatu, ta miƙa ta koyon tafireta, mutumin ya juya ta gaba da baya, ya mayar mata cikin ladabi. Tun daga lokacin ta gane inda take. A cikin asibitin ita injiniya ce, da ta taka bakin ƙofa ta koma mai buga takardu. Hutu kuwa, mafi tsawon da ta taɓa samu shi ne kwana uku, lokacin rasuwar mahaifiyarta, kuma a rana ta biyu aka aiko mota.

Maigidanta mai gyaran agogo ne, ido ya fara gajiya ya rage aiki. Kullum da safe idan za ta fita sai ya ce, "A gaida mini uwar ɗakinki," yana nufin kwamfutar. Ita kuma ta ce, "Za ta ji, in ta tashi da lafiya."

A shekarar da nake ba da labari, babbar 'yarsu da ke aure a wani gari mai nisa tana da cikin fari. Tun wata biyar kafin lokacin haihuwar Ta-Ƙasa ta fara bin Likita kan hutun mako biyu. Ya ce a bari a gani, ya sake cewa a bari a gani, daga ƙarshe ya sa hannu. Ranar Litinin za ta tafi. Jakarta ma ta riga ta haɗa, tana jingine bayan ƙofar ɗaki, cike da 'yan riguna da safa da ta yi ta tarawa.

Ranar Alhamis da hantsi sai ta ji dariya ta ɓarke a wurin karɓar kati. Ba a jima ba Mai-Kati, matar da ke zama a teburin gaba, ta leƙo tana share hawaye.

"Yaya, fito ki ga ikon Allah. Wani tsoho ne manhajarki ta yi wa albishir."

Dattijo ne mai furfura, tela, ya zo awon sukari. Yana tsaye riƙe da takarda, jikarsa ta karanta masa a gida. Sunansa ne a sama, da shekarunsa saba'in da ɗaya, a ƙasa kuma an rubuta cewa gwajin ciki ya nuna akwai.

"'Yata," ya ce wa Ta-Ƙasa, "ni dai ba na jayayya da masu ilimi. Amma ku faɗa mini wata nawa ne, in fara shiri."

Kowa ya sake fashewa. Ita ma ta yi murmushi don kada ta kunyata shi. Idan takardar wata mata ta fito da sunan tsoho, to ta wa kuma ta fito da sunan wa?

Ta koma ɗakinta ta rufe ƙofa. Kafin azahar ta gano bakin zaren, kuma da ta gan shi sai da ta jingina kai da bango.

Likita ya sauko da kansa, abin da bai cika yi ba. Ɗakin ba ya ɗaukar mutum biyu, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yi mini bayani yadda zan gane," ya ce.

"Ranka ya daɗe, manhajar nan sashe-sashe ce, kowane sashe da aikinsa. Wani ya buɗe kati, wani ya buga sakamako, wani ya rubuta magani. Akwai kuma gurbin da ake ajiye sunan maras lafiyan da ake kansa, kuma na kowa ne, duk sassan suna leƙa shi. Ka ɗauka allo ne guda a baranda. Duk ɗakin da ke son sanin wa ake dubawa sai ya leƙo ya karanta."

"To?"

"To sashen da zai yi rubutu a allon nan, dole a sa masa kalma ɗaya a farkonsa, a ce na baranda ake nufi. In ba a sa ba, sai ya ƙirƙiri ɗan allonsa a cikin ɗakinsa, mai suna iri ɗaya, ya rubuta a can. Yana gama aiki ɗan allon ya ɓace, na baranda kuma yana nan da tsohon suna."

"Kuma ba a sa kalmar ba."

"Ban sa ba. Wata uku da suka wuce Mai-Awo na ɗakin gwaji ya roƙe ni in yi masa gajeriyar hanya, ya riƙa nemo gwaji da lambar kwalba idan layi ya yi tsawo. A sashen nan na manta. Duk ranar da ya bi ta nan bai buɗe katin mai jinin ba, sakamako zai fito da sunan wanda aka buɗe kafin shi."

Fuskar Likita ta ɗan saki. "Kalma ɗaya ce ke nan. Sa ta mana."

Ta sa. Tana cikin dubawa ta ga sashen da aikinsa shi ne goge allon bayan an sallami mutum, shi ma ba shi da kalmar. Shekara goma sha ɗaya yana goge ɗan allon cikin ɗakinsa, bai taɓa goge na baranda ba. Ta sa masa shi ma, ta gwada sau biyar, komai ya fito daidai. Ta koma gida da yamma ta ce wa maigidan an tsallake rijiya da baya.

Washegari ƙarfe tara ɗakin magani ya tsaya cik. Takardun liƙawa suna fitowa babu suna, mutane sun cika baranda har waje, wata uwa tana jijjiga yaro mai zazzaɓi tana tambayar ko sai yaushe. Ashe sashen magani ya daɗe yana rayuwa da wancan kuskuren. Sai an sallami mutum yake zuwa karatun allo, kuma duk shekarun nan yana tarar da sunan saboda ba a goge ba. Yanzu da mai gogewa ya fara aikinsa, sai ya tarar da wayam. Ta mayar da mai gogewar yadda yake da sauri, layi ya motsa.

Ta ɗauki takarda ta bi manhajar tun daga layin farko, tana ƙirga sassan da ke taɓa gurbin nan. Sittin da ɗaya. Wasu karantawa suke, wasu rubutawa, wasu suna zaton sun rubuta alhali ba su rubuta ba. Duk wanda ta gyara, ba ta san wane ne ke jingine da karkacewarsa ba. Magani ɗaya ne, ta san shi tun daga littafin nan mai kauri, shafin da ta tsallake tana yarinya don ta ga kamar wahala ce kawai: a cire allon baranda gaba ɗaya, a riƙa miƙa wa kowane sashe lambar maras lafiya hannu da hannu.

Ta hau bene ta faɗa wa Likita.

"Kwana nawa?"

"Mako biyu, in Allah ya taimaka. Ba zan iya gwaji ana tsakiyar aiki ba, sai tsakanin biyu da huɗu na rana da mutane ke raguwa, da safiyar Lahadi."

Ya dubi kalanda, ya dube ta. Bai ce ya soke hutun ba, ita ma ba ta tambaya ba. Dukansu sun san babu wanda za a bar wa.

Da yamma ta kira 'yarta.

"Umma, kin ce Litinin."

"Na ce, 'yar nan. Abu ne ya taso."

"Kullum abu ne ke tasowa. Shi ke nan, Umma. Allah ya ba da sa'a."

Wannan "shi ke nan" ɗin ya fi zagi zafi. Ranar Litinin maigidan ne ya ɗauki jakar ya hau mota. A tasha ya ce mata, "Ni dai ban iya riƙon jariri ba, amma zan gaya masa kakarsa tana nan tana renon wata tsohuwa." Ta yi dariya, ta juya da sauri kafin ya ga idonta.

Gyaran ma ba shi ne mafi nauyi ba. Mai-Awo ya bi gajeriyar hanyar nan sau ɗari biyu da goma sha biyu cikin wata uku, kuma dole a bi kowanne a gwada da littafin da yake rubuta lambar kwalba da hannu. Shi da ita suka zauna a ɗakin gwaji, yana karantowa tana dubawa. Mutum ne mai yawan barkwanci, amma kwana uku bai yi ko ɗaya ba. Suka sami takarda biyar da suka fita da sunan da ba nasu ba. Uku ba su yi ɓarna ba, har da ta tsohon tela. Ta huɗu awon jini ce da aka riga aka maimaita. Ta biyar ce ta hana ta cin abinci.

Gwajin ƙoda ne, kuma sakamakon ba shi da kyau ko kaɗan. Jinin na wani direban motar haya ne, amma takardar ta fito da sunan wata malamar makaranta. Shi direban da ya zo karɓa aka ce ba a ga nasa ba, ya dawo gobe, bai dawo ba. Ita malamar aka tura ta babban asibiti.

Aka kira ta ta zo. Mace ce siririya mai tabarau, ta zauna a ofishin Likita da jaka a cinya. Likita ya fara da cewa na'ura ce ta sami matsala, irin abin da ke faruwa ko'ina.

"Ba na'ura ba ce, Malama," Ta-Ƙasa ta ce daga inda take tsaye. "Ni ce. Ni na rubuta, ni na manta."

Likita ya harare ta. Malamar ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi.

"Kwana tara na yi kafin can su sake gwadawa su ce lafiyata ƙalau," ta ce. "A kwana taran nan na tara 'ya'yana na yi musu wasiyya. Ƙaramar har yanzu ba ta yarda in fita ni kaɗai, biyo ni take har bakin titi." Ta mayar da tabarau. "Ban zo faɗa ba, baiwar Allah. Amma shi mai takardar fa? Ya sani?"

Bai sani ba. Lambar wayar da ya bari ba ta shiga. A katinsa an rubuta sana'a da tashar da yake lodi, shi ke nan. Rana ta shida da fara gyaran, da ƙarfe biyu, lokacin da ya kamata ta yi gwaji, Ta-Ƙasa ta sa takardar a ambulan ta tafi tashar. Rabon da ta ga rana a wannan lokacin a ranar aiki har ta manta, sai da ta kare ido da hannu. Ta yi ta tambaya daga rumfa zuwa rumfa, har wani mai sayar da taya ya nuna mata wata farar mota. Direban yana zaune a inuwarta, ya cire takalmi, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul.

Ta gaishe shi, ta faɗa masa daga inda take, ta ce Likita yana son ganinsa yau.

"Hajiya, ai na warke. Zaman mota ne kawai ke kumbura ƙafa. Ga shi saura mutum uku mota ta cika."

"Ɗan'uwa, don girman Allah ka bar lodin nan. Takardarka tana hannunmu tun makonni, laifinmu ne ba ka samu ba. Ba zan koma ba sai da kai."

Ya dube ta da kyau, ya ga ba wasa a fuskarta. Ya miƙa wa abokinsa makulli, ya jawo takalmi, amma ƙafar ta ƙi shiga, sai ya taka bayansa.

Suna cikin mota wayarta ta yi ƙara. Maigidan ne. An yi wa 'yarsu aiki, an ciro ɗa namiji, duk suna lafiya, sai dai ta sha wuya, kuma kafin a shiga da ita Umma take ta kira. Ta-Ƙasa ta ce alhamdu lillahi sau uku, ta kashe wayar, ta kalli waje ta taga. Direban da ke gefenta ya ce, "Lafiya dai?" Ta ce, "Jika na samu." Ya ce, "Kai, barka! Me kike yi a nan, to?"

A ranar aka kwantar da shi, daga baya aka tura shi inda ake wankin ƙoda. Likita ya ce da an ƙara wata guda, da labarin ya sha bamban. Bai ce da an samu makonnin da aka rasa me zai faru ba, ita ma ba ta tambaya ba, amma tambayar ta zauna mata a ƙirji.

Sauran kwanakin a ƙarƙashin bene ta yi su. Sashe ɗaya bayan ɗaya take buɗewa, ta cire hannunsa daga allon kowa, ta buɗe masa ƙofar karɓar lamba, sannan ta bi duk inda ake kiransa ta tabbatar ana miƙa masa. Ta gyara, ta gwada da katin ƙarya, ta ja layi a takarda. Wata rana ta yi bakwai, wata rana ɗaya tak ya cinye mata yini. Mai-Kati kan kawo mata shayi ta ajiye ba magana, ta dawo ta ɗauke shi ya huce. A rana ta goma sha shida ta goge gurbin nan daga saman manhajar, ta kunna, ta zauna tana jiran ihu daga wani ɗaki. Har aka tashi babu wanda ya leƙo.

Ta hau wurin Likita.

"An gama, ranka ya daɗe. Ina son hutuna. Kuma ina roƙon a ɗauko wani in koya masa, ko mutum ɗaya ne."

"Wa zai iya abin da kike yi?" ya ce yana murmushi. "Ke ai ba a maye gurbinki. Ki je kwana huɗu, amma wayarki ta zauna a kunne."

Kwana biyu daga ciki hanya ta cinye. Ta tarar da jaririn ya haura kwana goma, har ya fara buɗe ido sosai. 'Yarta ta karɓe ta da fara'a daidai gwargwado, irin wadda ake yi wa baƙuwar da ake girmamawa. Surukar 'yar ce ta yi duk abin da uwa ke yi, ita ta san inda tawul yake da irin kukan da ke nufin yunwa. Ta-Ƙasa ta riƙe yaron ta daɗe tana kallon yatsunsa. Sau huɗu aka kira daga asibiti, uku a kan firintar da takarda ta maƙale mata.

Da safen da za su juyo, 'yar ta rako su bakin ƙofa tana dafe da ciki. Ta gyara wa uwar mayafi a kafaɗa, ta ce, "Umma, kin rame." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma ta riƙe hannunta har mai mota ya yi ham.

A hanya maigidan ya yi barci, kansa a jikin gilashi. Ita kuwa ta zaro 'yar takarda daga jaka. Lokacin da take bin sassan nan ta ci karo da wasu guraben na kowa, irin wancan sak: na kwanan wata, na sunan likitan da ya duba, da na nau'in gwaji. Ba ta faɗa wa kowa ba tukuna. Ta ɗora takardar a gwiwa, mota na girgiza ta, ta fara lissafa sassan da ke taɓa na kwanan wata, daga waɗanda take iya tunawa da ka.